Rodi Biyu da Tukunyar Farfesu

Kamal ba ya tsoron wuta, don ita ya karanta. Surukinsa yake tsoro.

Ɗan Zariya ne, ya zo College Park ta jihar Maryland a Amurka karatun injiniyancin kariya daga gobara, ya gama, ya auri Radiyya 'yar Alhaji Zulkifilu na Beltsville. Ana gab da Sallar layya ta 2015 sai Allah ya kawo masa aiki. Cibiyar gwamnati da ke Gaithersburg ta ɗauke shi a sashen binciken gobara. Abin murna, ko ba haka ba? To, ai cibiyar nan ita ce ta binciki faɗuwar dogayen benayen New York na 2001 ta fitar da rahoto, kuma a faɗin duniyar nan ba abin da Alhaji Zulkifilu ya tsana kamar rahoton nan.

Kada ka ɗauka Alhaji jahili ne. Masanin haɗa magunguna ne, furfurarsa a bayan kantar magani ta fito. Amma a kan benayen nan ya kafe, ya ce bam aka dasa a ciki, jiragen da suka daki benayen kuwa rufa-ido ne. Hujjarsa ɗaya ce tak, ya kuma riƙe ta gam: man jirgi ba ya narka ƙarfe. Ya kalli bidiyoyi a waya har gilashinsa ya ƙara kauri. Waɗanda suka rubuta rahoton kuma ba shi da sunan da yake kiransu sai 'yan amshin shata.

Kamal maraya ne. Alhaji ne uban da ya rage masa, a nan da can gida, kuma ya ƙudurta a ransa ba zai taka ofishin nan ba sai da albarkarsa. Ga kunyar suruki. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa haɗa ido da Alhaji ba, balle ya ce masa a'a. In Alhaji ya ce ana ruwa, ko rana na ƙwalla Kamal zai nemo lema.

Ranar Sallah, suna cikin mota, Radiyya ta ce, "Yau fa za ka gaya wa Baba."

"Yau Sallah ce, Radiyya. A bar tsoho ya ci namansa lafiya."

"Haka ka ce ranar Juma'a, wai a bar shi ya yi Juma'arsa lafiya. Litinin za ka fara aiki." A Maryland aka haife ta, Hausarta na ɗan ɗingishi, amma in za ta faɗi gaskiya ba ta tuntuɓe. "Ni kullum musu muke da shi, bai cinye ni ba. Kai ne ka mai da shi zaki."

"Ke 'yarsa ce."

"Kai kuma mijin 'yarsa ne. Buɗe baki kawai."

A ƙasar nan ba a yanka a gida, don haka daga masallaci gonar wani Bature aka wuce, can bayan gari, aka yanka rago aka feɗe, aka dawo da nama a cikin kuloli. Suya a kicin ake yi. Amma Hajiya Sharifa, matar Alhaji, tana da doka ɗaya da ba ta tanƙwaruwa: farfesun kai da ƙafa sai a kan itace. Ta ce na kan gas ɗanɗanon asibiti gare shi. Ta sa aka fito da ƙatuwar tukunyar da ake ara in ana biki, wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta, ta ce a nemo mata duwatsu uku a kafa murhu a filin da ke bayan gida.

Alhaji ya ce, "Duwatsu uku? A Amurka? Haba Hajiya, ai an ci gaba."

Ya shiga gareji ya fito da bulo, ya tsayar da su hagu da dama da tazara mai faɗi don itace ya shiga da yawa. Ya ɗauko siraran rodi biyu, ragowar gyaran shinge, ya gitta a kai. Aka ɗora tukunya, aka cika ta da ruwa da kai da ƙafafu da kayan yaji. Kamal ya dubi sirantar rodin, ya dubi faɗin tazarar, ya dubi tukunyar. Hajiya ta yi tsaki ta koma ciki wajen suya, Radiyya ta bi ta.

Wuta ta kama sosai ke nan sai ga Katung, maƙwabcin Alhaji, ma'aikacin jinya ɗan Kudancin Kaduna. Kirista ne, amma ba Sallar da ke wuce shi, kamar yadda Kirsimeti ba ta wuce Alhaji a gidansa. Abin da ya fi so bayan nama shi ne tsokanar Alhaji.

"Barka da Sallah, Alhaji! Jiya na ga wani farfesa a talabijin yana cewa wuta ce ta kayar da benayen nan."

Shi ke nan, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Alhaji ya gyara zaman hula.

"Wuta! Malam Katung, kai ma da iliminka? Ƙarfe sai zafi ya kai digiri dubu da ɗari biyar yake narkewa. Man jirgi ko kusa ba ya kaiwa. To me ya narka shi? Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya." Yana magana yana tura itace, duk hujja ɗaya itace ɗaya.

Kamal na gefe a tsaye, idonsa na ƙarƙashin tukunya. A inuwar gindinta ya ga rodin sun fara yin ja, ja mai duhu irin na gauta, tsakiyarsu kuma ta ɗan yi ciki. Ya ja kujeru baya ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman inuwa. Ya jawo tiyon ban ruwa kusa. Ya lallaɓa ya zare itace guda daga wutar.

Alhaji ya karɓe ya mayar. "Bar shi, Injiniya. Ƙafar rago sai da wuta." Sannan ya nuna murhun da alfahari. "Ga shi ma a gabanku. Tun ɗazu wuta ke cin ƙarfen nan, ya narke? Ko ba haka ba, Injiniya?"

"Bai narke ba, Baba," in ji Kamal. Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba.

Gaba kura, baya sayaki. In ya ce rodin za su ba da kai, ya ƙaryata surukinsa a gaban baƙo, a kan maganar da ya fi ji da ita, a ranar da yake neman albarka. In ya yi shiru, ga tukunya na tafasa, ga Alhaji a gindinta cikin farar shadda. Sai ya yi abin da aka koya masa a gida. Ya matso, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai.

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ni yaro ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai dai in Baba ya ba ni izini, akwai 'yar wata magana, ba don na fi kowa sani ba..."

Ƙarfe kuwa bai san gaisuwa ba. Rodin suka lotsa, suka jawo bulon suka kifo ciki, tukunya ta karkato wajen Alhaji.

Kamal bai san sanda ya miƙe ba. Ya cafko surukinsa ta wuyan babbar riga ya fizge shi baya da ƙarfin tsiya, su biyun suka zube a kan ciyawa, hula ta yi nata wuri. Tukunya ta kife, ji kake fuuu! Romo ya kashe wutar da kansa, tururi ya tashi, kan rago ya gangaro ya tsaya yana kallon sama da haƙora a waje.

Hajiya ta fito da gudu da matsami a hannu, Radiyya na biye. "Innalillahi! Alhaji, ka ƙone?"

"Ban ƙone ba."

Da ta tabbatar lafiyarsa ƙalau, sai ta tuna da asararta. "Wayyo farfesuna! Ni da na ce duwatsu uku!"

Katung kuwa ya riƙe ciki, dariya ta hana shi tsayuwa. Da ƙyar ya ce, "Alhaji, a kira 'yan sanda. Wani ya dasa bam a murhu!"

Kamal ya so ƙasa ta tsage ya shige. Shi da ko ido bai taɓa haɗawa da mutumin nan ba, yau ya shaƙe shi ya kayar. Ya ce a ransa albarka kam ta tafi tare da romo. Ya ɗauko hular ya kakkaɓe ya miƙa da hannu biyu.

Alhaji ya karɓi hular. Ya tashi ya je bakin murhu, ya sa itace ya jawo rodi ɗaya. Ya lanƙwashe kamar baka. Ya juya shi, ya sake juyawa, yana neman inda ya ɗiga. Babu.

"Bai narke ba," ya ce a hankali.

"Yo dole sai ya narke?" in ji Hajiya, da har yanzu haushi bai sake ta ba. "Kai da kakanka maƙeri ne! Ka taɓa ganin ya narka ƙarfe kafin ya tanƙwara lauje? Ja kawai yake jira ya yi."

Alhaji ya yi mata wani kallo, ya juya ga Kamal. "Injiniya, ɗazu ka nemi izini. Na ba ka."

Kamal ya sake tsugunawa, idonsa a ƙasa. Ya ce rahoton ma bai taɓa cewa ƙarfe ya narke ba. In zafi ya kai wajen digiri ɗari shida, ƙarfe ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, alhali nauyin da ke kansa bai ragu ba. Ya ce jiragen sun datse ginshiƙai da yawa, sun kuma kankare wani abu kamar yaɓe da ake fesa wa ƙarafan gini don kare su daga zafi. Man jirgin ya ƙone da wuri, aikinsa kunna wuta ne kawai. Tebura da takardu da darduma su suka ci gaba da ci. Ƙarafan da ke riƙe da kowane hawa suka yi ciki, suka jawo ginshiƙan bango.

"Kamar yadda rodin suka jawo bulon nan, Baba. Da ginshiƙan suka tanƙware, nauyin da ke sama ya sauko, na ƙasa ba su iya tare shi ba."

"Ka karanta rahoton ke nan."

"Na karanta, Baba." Ya ji idon Radiyya a ƙeyarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Kuma cibiyar da ta rubuta shi ta ɗauke ni aiki. Ban so in fara ba sai da albarkarka."

Katung ya haɗiye sauran dariyarsa. Alhaji ya jawo kujera ya zauna, yana kallon tokar da ta jiƙe.

"Washegarin faɗuwar benayen nan," ya ce, "wata tsohuwa da na daɗe ina haɗa wa magani ta karanta sunana a ƙirjina, ta ce a kira mata wani. Ni da na san ciwonta fiye da 'ya'yanta. Wallahi abin ya yi min zafi, har yau yana yi. Da na ji masu cewa ƙarya aka yi wa Musulmi, sai na ji sanyi."

"Baba, waɗanda suka aikata su za su amsa a gaban Allah. Ba ka cikin lissafinsu, ko ƙarfe ya narke ko bai narke ba."

"Ni shaida ne," in ji Katung, ba wasa a muryarsa.

Alhaji ya share fuska da hannun riga, sai kuma ya ɗaga yatsa. "Amma bene na ukun nan da jirgi bai taɓa ba, ban sallama ba."

"Shi wuta ta wuni tana ci ba ruwan kashewa, Baba. Ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake, sai ya ture..."

"Dakata. Murhu ɗaya ya isa asara a rana ɗaya. Ka zo Asabar, ka zo da zanenka, ni ma zan zo da bidiyona." Ya dubi rodin da ya lanƙwashe. "Yaɓen nan da ka ce an kankare. Da bai fita ba fa?"

"Masu binciken sun ce mai yiwuwa da benayen ba su faɗi ba."

"Da mutanen sun sauko ke nan."

"Da yawansu, Baba. Aikin da za ni ke nan, a gano yadda gini zai jure har na ciki su fita."

Alhaji ya dubi Hajiya, ya dubi 'yarsa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗora a kan Kamal.

"Ɗago ka dube ni. Mutumin da ya shaƙe ni a gaban maƙwabci ai ya wuce sunkuye-sunkuye."

Kamal ya ɗago. Idon tsohon ya kaɗa ya yi ja, amma murmushi yake.

"Je ka yi aikinka, ɗana. Yadda ka fizge ni ɗazu, haka nake so ka fizgo 'ya'yan mutane. Allah ya yi maka albarka."

Kamal ya buɗe baki zai ce amin, sai aka riga shi. Katung ne ya amsa masa, da ƙarfi, har sau biyu.