Haddar Akuya

Malama Hajjo ta gaji da jin muryarta ita kaɗai. Tun farkon zango take raba 'yan aji shida na makarantarsu ta Gidan Igwai rukuni-rukuni a gindin darbejiya, kowane rukuni da tabarmarsa da littafi guda, wai su karanta su yi musu a kai. Labarin wani yaro ne da ya sayar da akuyar kakarsa don ya kai ƙanensa asibiti. Tambayarta ba ta canzawa: ya kyauta ko bai kyauta ba? Yaran da ke iya tayar da unguwa a kan ƙwallo sai su sunkuyar da kai. A wurinsu ladabi ke nan, ba a jayayya da littafi a gaban malami.

Ga zafi, ga ƙarar Keke Napep ta bayan katanga, ga kuma hedimasta Malam Junaid da ya ce ranar Laraba zai zo ya ga darasin da idonsa. In zaman banza ne, zai mayar da darasin na bitar jarrabawa. Hajjo ta yi kuskuren faɗa wa yaran, ta ce su taimake ta su buɗe baki.

Suka kuwa taimake ta, irin taimakon da suka iya. Laraba na yi, Malam Junaid ya ja kujera ya zauna. Hajjo ta dubi rukunin farko ta ce, "To, mi kunka gani game da yaron ga?"

Siddiƙu, shugaban rukunin, ya gyara zama ya harɗe hannu. Sai gaba ɗayansu suka ɗauka da murya guda, suna rangaji kamar a Islamiyya. Ashe babin labarin suka haddace, tun daga farkonsa har inda akuya ta bar gida. Ba su tsallake ko kalma ba. Suna direwa rukuni na biyu ya karɓa. Hajjo ta jingina da itacen.

Malam Junaid kuwa har da tafi.

"Ma sha Allah! Malama, ashe wanga aiki kike yi shiru-shiru? Ni na ɗauka hira kuka zama yi. Ba mai taɓa miki darasin ga. Gobe su karanta shi gaban asambuli, sauran azuzuwa su koya."

Ya ɗauki kujerarsa ya tafi. Yaran suka juyo gare ta, fuskokinsu duk zufa da murna. Wata ƙaramarsu mai suna Kausar ta matso, muryarta a dishe.

"Malama, ko hutun tara ba mu hita ba, muna hadda. Mun hisshe ki?"

Hajjo ta dube ta cikin tausayi da takaici.

"Kun hisshe ni," ta ce. "Ku naɗe tabarmi."