Ranar da Mama Ta Zauna a Kujerar Gwaji

Tun tana firamare ake kiranta Dakta, don ta taɓa ɗaure wa kyanwar gidansu ƙafa da ƙyallen ɗinki. Sau biyu ta rubuta jarrabawar shiga jami'a. Karon farko ta faɗi. Karo na biyu maki huɗu suka hana ta karatun likita, aka ba ta gurbi a sashen kiwon kifi.

Tana cikin tunanin ko ta sake sai aka canza tsarin jarrabawar. Ba fensir, ba takarda, a kwamfuta za a yi. In ka amsa tambaya daidai, ta gaba ta fi ta wuya, in ka kuskure a sauƙaƙa maka. Kuma duk wanda ya yi rajistar sabuwar, tsohon makinsa ya mutu, gurbinsa ma ya tafi.

Ranar Asabar bayan an ci abincin rana aka zauna a falo kan maganar.

"Ki karɓi kifin nan," in ji Baba, wanda koyar da tuƙi ce sana'arsa. "Ban taɓa ganin wanda ya samu wurin ajiye mota ya fita neman wani, ya dawo ya tarar da na farkon ba."

"Baba, ko ruwa fa ban iya ba."

"Ce miki aka yi tare da su za ki zauna?"

Kawu, ƙanin Mama, mai shagon aski a bakin titi, ya gyara zama. Ya ce jiya ya yi wa wani aski wanda surukinsa ke gyaran irin waɗannan kwamfutoci, kuma sirrin yana hannunsa.

"Tambayoyi goma na farko ki faɗi da gangan. Sai na'urar ta ɗauka doluwa ce ke, ta tausaya miki, ta yi ta miƙo masu sauƙi. Ke kuma ki yi ta kwasa."

Mama na kan keken ɗinkinta a gefen taga, inda Dakta ta shekara biyu tana karatu da ƙarfi. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Jibi mu je ofishin mu tambaya."

Ofishin jarrabawar dogon ɗaki ne mai tagogi biyar da ma'aikaci ɗaya. A taga ta biyu suka same shi. Dakta ta tambaya ko za a iya mayar da tsohon makinta zuwa sabon tsari. Ya ce wannan aikin taga ta huɗu ne. Suka matsa can. Ya tashi, ya ɗauki kofin shayinsa, ya zagayo ya zauna.

"Sannunku da zuwa. Me ke tafe da ku?"

Ta maimaita.

"Ana mayarwa mana. Ki kawo sabon makinki mu gwada da tsohon."

"Ai in na yi sabuwar, tsohon ya mutu."

"Ƙwarai. Shi ya sa har yau ba wanda ya kawo ƙorafi."

Ya nuna musu wata kwamfuta a lungu, da kujera ɗaya a gabanta. Ya ce ta gwaji ce, kyauta, mutum ɗaya sau ɗaya a rana.

Dakta ta zauna. Ta bi shawarar Kawu. Tana sane da amsar tambayar farko ta zaɓi kuskure, haka ta biyu, har ta goma. Na'urar kuwa ta tausaya. Ta nuna mata hoton akuya ta tambayi ƙafafunta nawa. Ta nuna agogo ta tambayi ƙarfe nawa. Duk ta amsa daidai. A ƙarshe wata 'yar takarda ta fito: maki goma sha ɗaya cikin ɗari, da shawarar a nemi taimakon wani babba a gida.

Ta miƙe idanunta sun cika da ƙwalla. Mama, da ƙafafunta suka gaji da tsayuwa, ta zauna a kujerar.

"Mama, kujerar masu gwaji ce," ma'aikacin ya ɗaga murya daga taga ta huɗu.

"Hutawa kawai zan yi, ɗan nan."

"Tana ƙirga zama. In aka zauna ba a amsa ba, ni za a tuhuma."

Mama ta yi tsaki, ta ciro tabarau daga jaka. Ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, sai ta dafa shi da hannu biyu tana turawa kamar yadi a ƙarƙashin allura. Ta karanta tambayar farko a hankali.

"Af! Ke, ba wannan ce kike mantawa kullum ba?"

Ta danna. Ta biyu ma ta danna. Tambayoyin suka yi ta tsawo, har da zane-zanen zuciya da jijiyoyi, ita kuma tana amsawa tana mita cewa rubutun ya yi ƙanana. Masu jiran layi suka taru a bayanta. Wani tsoho ya cire hularsa yana mata fifita. Da takardar ta fito, ma'aikacin ya karanta sau biyu, ya ruga ya kira shugabansa. Tamanin da bakwai.

Shugaban ya ce tun da aka kafa na'urar ba wanda ya wuce sittin, har sun fara tunanin mayar da ita. Ya tambayi Mama makarantar da ta yi. Ta ce daga aji uku na sakandare ta koma ɗinki. Ya sa aka ɗauke su hoto, shi da ita da kwamfutar.

A hanyar tashar mota Dakta ta kumbura fuska. Kunya da haushi sun cika ta, ba ta ma san wa take jin haushi ba.

"Ki daina kumbura," in ji Mama. "Ni na taɓa buɗe littattafan nan? Duk abin da na amsa a bakinki na ji shi. Ke matsalarki abin goge fensir. Ki rubuta daidai, ki goge, ki rubuta shirme. Wannan abar kuwa ba ta gogewa."

Dakta ta tsaya cak a bakin titi. Sai ta juya ta koma ofishin.

"Sau ɗaya a rana," ma'aikacin ya ce da ya gan ta. Ya duba rajistarsa. "Wadda ta samu sha ɗaya ta riga ta gwada. Ke ce?"

"Ba ni ba ce."

"To zauna."

Ta samu saba'in da tara. A taga ta biyar ta yi rajista, bayan ya zagayo da shayinsa.

A gida Kawu ya ce laifinta ne, ashirin ya kamata ta faɗi ba goma ba. Baba ya daɗe yana jujjuya takardar Mama. Ranar Laraba ya ce zai je ya ga na'urar da idonsa. Ya dawo kafin azahar, ya ce na'urar ba ta da lafiya, ya wuce ɗaki. Mama ta tsinci takardar makinsa a aljihu ranar wanki, ta karanta, ta ninke, kuma har yau ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ba.

Bayan wata huɗu Baba ya kai Dakta wurin jarrabawa a motar koyo, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, saura minti uku a rufe ƙofa suka isa. Ta samu tamanin da biyu, aka ba ta karatun likita.

Mama ba ta yi rajista ba, ta ce ɗinkin mutane ya taru mata. Amma duk lokacin da manyan baƙi za su zo duba na'urar, shugaban ofishin kan aiko mata da mota. Takan tafi da ƙaramin ɗinkin hannu a jaka, don baƙin ba sa zuwa kan lokaci.