Fitilun da ke Idon Gizo-gizo

Kafin hoton nan ya zaga wayoyin mutanen Sharaɗa, ni na fara ganinsa, a bakin ƙofar kamfanin robobi inda nake gadi. Abin da ke cikinsa ma ni na fara hangowa, da idon nan nawa da bai san tabarau ba, bai san boko ba. Masaƙun Bompai a kaina suka rufe, warin majemar Challawa ya kwantar da samari bai kwantar da ni ba. Saboda haka idan na ba da labari, a saurara.

Gwadabe mutumin Ringim ne, yana kan injin da ke fitar da butoci. Yana da mata da 'ya'ya a ɗakin haya a Na'ibawa, yana kuma da wata irin lalura: ɗaukar hoton ƙwari. Wani ɗan gilashi kamar ƙwayar wake ya ciro daga mataccen injin faifai, ya ɗaure shi da kyauron roba a kan idon wayarsa. Da shi ƙuda kan koma kamar bijimin sa, har gashin ƙafarsa sai ka gani. Lokacin hutu, mutane na layin shinkafa da wake, shi yana durƙushe a bakin kwata, ya riƙe numfashi, yana lallaɓa tururuwa.

Mamman, wanda ke injin kusa da nasa, ba ya ƙyale shi.

"Sarkin hoton ƙudaje! Wai da wannan ruɓaɓɓiyar wayar? Malam, ka faɗi gaskiya, a intanet kake kwasowa."

Maganar nan tana cin Gwadabe.

To kamfanin yana da doka. Tun da inji ya cinye yatsun wani yana amsa kira, aka ce duk wanda ya shiga ɗakin injina da waya, sallama ce, ba roƙo. Gwadabe ya sani. Sai dai akwai wani ɗan gizo-gizo mai tsalle, irin mai farautar ƙuda, da ya tare a tagar bayan injinsa. Kullum yana kallonsa. Ran nan ya soke wayar a safa ya shiga da ita. Da aka tsaya sauya buhun roba, ya matsa, ya kafa gwiwar hannu a jikin bango. Gizon ya yi tsalle, ya dawo, sannan ya juyo ya dube shi ido cikin ido. Ya danna.

Da aka tashi ya nuna mini. Manyan idanu biyu baƙaƙe wul, ƙanana a gefe, ga gemu ruwan ƙasa kamar na dattijon da ya sha lalle. Na ce, "Yaro, waɗannan fararen layukan a idonsa, dogayen fitilun ɗakin injina ne. Ga ma hular kwanonka." Ya ce, "Baba, wa zai lura?" Ya tura wa abokan aiki, ya ce a bangon masallaci ya ɗauka.

Hoton ya tafi. Direbobin tirela a Dakata suka sa shi a fuskar wayarsu. Daga nan ya isa hannun manaja, shi kuma ya buɗa shi da yatsu biyu.

Malam Ashafa, foman ɗinsu, mutum ne mai sauƙi, kuma yana son aikin Gwadabe. Ya ja shi bayan janareto.

"Manaja ya ga fitilu. Na ce masa irin fitilun nan ko a wace ƙasa akwai su. Gobe da safe zai tsaya, ni zan tambaye ka a gaban kowa. Ka ce a intanet ka samo. Shi ke nan, ka koma kan injinka."

"Ranka ya daɗe, ai ni na..."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Gobe zan tambaya. Ka tuna da yaranka."

Gwadabe ya tafi gida da niyyar yin yadda aka ce. Ya san yadda ake neman aiki a Sharaɗa yanzu, ya ga masu zaman jira a gindin katanga tun asuba. Kalma ɗaya ce, ba ta fi ƙarfin bakinsa ba.

Da safe ma'aikata suka jeru. Manaja na gefe, hannu a aljihu. Ashafa ya ɗaga waya.

"Gwadabe, hoton nan, kai ka ɗauka ko samowa ka yi?"

Gwadabe ya buɗe baki. Sai Mamman, daga bayansa, ya ce a hankali, yana dariya, "Faɗa musu mana, ɓarawon hoto. Ai na daɗe ina faɗa."

Gwadabe ya dubi wayar da ke hannun foman. Gizon na kallonsa.

"Ni na ɗauka, ranka ya daɗe. A tagar bayan injina. Da gilashin nan." Ya ciro shi daga aljihu ya ɗaga.

Ashafa ya sauke hannu, ya ce, "Kai dai an yi sakarai." Manaja ya juya ya koma ofis. Mamman ya daina dariya, ya shiga gyaran igiyar takalminsa.

Kafin rana ta yi zafi Gwadabe ya miƙa hula da takalmin aiki. Ni na caje jakarsa a ƙofa, kamar yadda doka ta ce: kwanon abinci, carbi, kyauro. Ya ce, "Baba, kun faɗa." Na ce, "Na faɗa." Ya bi titi ya nufi inda masu jira suke zama.

Ni da za a tambaye ni, ban taɓa barin aiki saboda ƙwaro ba, shi ya sa har yau nake nan. Amma hoton nasa ne, a gabana ya fito da shi wayar na da ɗumin safa. Duk mai cewa ƙarya nake, ƙofar kamfani ba ɓoyayya ba ce. Ya zo ya tsaya a gabana ya maimaita, in ya isa.