Man Tulun Ƙarƙashin Gado

Shekara talatin ina matsar man gyaɗa a Bilbis, ban taɓa jin kunyarsa ba sai ranar da autata Mansura ta bugo waya daga Gusau, ta ce in aika mata kwalba guda don binciken digirinta na biyu.

Ta sha yi mini bayani. Wai akwai wani sinadari a jikin mace, istirojin, da kan bar wata irin tsatsa a ƙwayoyin halittar mama. Tana da irin ƙwayoyin cikin 'yan faranti, tana son ta ga ko bitamin E na man gyaɗa zai rage tsatsar. Na san abin da ya kai ta. Ciwon dajin mama ne ya ɗauke yayata Lantana, wadda ta goye ta.

Na duba man da nake ajiyewa cikin tulu ƙarƙashin gado, na ga ya yi duhu. Wannan ne zai shiga gaban malamai? Na sake ɗora shi a wuta, na tace, na zuba a farar roba, na shanya bisa katanga yadda muke yi wa na kasuwa. Ya fito garau, har maƙwabta suka yaba, na aika mata.

Bayan mako uku ta iso gida duk ta faɗa. Malaminta ya ba ta wata ɗaya; in babu sakamako, aikin shekara biyu ya tafi a banza.

"Inna, bitamin ɗin kusan babu. Sau huɗu ina aunawa."

Na ce, "Man da na gyara da hannuna? Kwana biyar ya yi bisa katanga."

Ta ɗago kai. "Bisa mi?"

Na zayyana mata komai, da alfaharina kuwa. Ta yi dariya har hawaye, ta ce rana da wuta ne ke cinye bitamin ɗin. Kunya ta rufe ni. Ita da kanta ta rarrafa ta jawo tulun, ta cika kwalba, ta naɗe da tsohon zanen Lantana don kada haske ya taɓa shi.

Ranar da za ta kare aikin gaban malamai a Gusau, na zauna can baya. Ban ji Turancin ba, amma na gane hoton tuluna a bango, kusa da farar robar. Ashe duka biyun ta gwada, na tulu ne ya rage tsatsar. Ta riga ta ja mini kunne cewa cikin faranti ne kawai, kada in je ina cewa an samu magani. Ban ce ba, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi.

Wani malami mai furfura ya tambaya da Hausa, wa ya yi dabarar shirya mai kashi biyu haka. Mansura ta nuna ni. Na miƙe, na gyara mayafina.

"Ni ce, Malam, Delu mai mai. Ni na ɓata wancan, kuma ni na yi wanga."