Batirin Jar Mota

Ranar da Hafizu ya shigo Magarya da jar motar nan daga Kwatano, Mainassara ko abincin rana bai iya ci ba. Mota ce irin ta tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta saura kaɗan ya shafi ƙasa. Hafizu ɗan kawunsa ne, tare suka tashi, amma shi Mainassara ga shi nan dai a rumfar cajin batir, da faifan sola a kan rufi da tsohon babur a ƙofa. Permi kuwa, wato lasisin tuƙi, ya fi shekara goma a aljihunsa, bai taɓa samun motar kansa ba.

Ba motar ce ta fi ci masa rai ba, bakin Inna Haoua ne. Shi ɗan fari ne, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta yabe shi. In ta matsu sai ta kalli bango ta ce "wancan". Amma Hafizu, ɗan ƙanenta? Hafizu kaza, Hafizu ɗan albarka, har kunne ya gaji.

Damina ta wuce motar tana lulluɓe da tampol. Sai ƙanwar Mainassara ta haihu a Dungas, aka sa ranar suna. Shi ne mai kai Inna ko'ina a bayan babur, har ya sa an ƙara wa kujerar soso. Kwatsam sai ga Hafizu da batir a kafaɗa.

"Bawana," in ji shi, da wasan taubasai, "tashi ka yi wa ubangidanka aiki. Gwaggo ta ce a motata za ta je suna, ga shi ko fitila ba ta kawowa."

Mainassara ya karɓi batirin ya ajiye. Wato yanzu babur ɗinsa ya zama abin kunya ke nan.

Ya ɗora mita, allura da ƙyar ta motsa. Ya jona caja, caja ta ƙi karɓa. Da wani ne da ya ce ya mutu, amma hannun Mainassara ba ya iya ganin batir kwance ya ƙyale. Ya kankare farin gishirin da ya taru a kawunan, ya haɗa shi da wani lafiyayye don caja ta yarda, ya rage wuta ƙasa-ƙasa, ya bar shi yana sha a hankali. Kashegari da la'asar allura ta miƙe tsaf. Ya daɗe yana kallon ta, yana hango Inna kusa da Hafizu, mutanen Dungas sun yi cirko-cirko, ita tana ta sa albarka. Sai ya tura batirin ƙarƙashin tebur ya rufe da buhu.

"Ya mutu murus," ya ce wa Hafizu da ya dawo ɗauka. "Irinsa sai Kano."

Hafizu bai yi musu ba, don a harkar batir maganar Mainassara ba ta da ta biyu.

Ranar suna da hantsi Inna ta hau babur. Mainassara har da 'yar waƙa a ransa. Sun bar gari ba da nisa ba, inda hanya ta fara gargada, ya ji ta damƙe rigarsa.

"A tsaya," ta ce.

Ta sauka da ƙyar, ta zauna gindin wani gawo tana dafe da ƙugu, gumi yana tsiyaya a fuskarta. Bai taɓa sanin bayanta yana ciwo haka ba.

"Inna, tun yaushe?"

Ba ta dube shi ba, gonar gero ta kalla kamar da ita take magana.

"Tun bara. Shi ya sa na roƙi Hafizu aron motar. Na ce masa ba shi zai ja ba, wancan zai ja ni, mutanen Dungas su gan shi a ciki ko sau ɗaya. Bai faɗa ba ne?"

Bai faɗa ba. Taubashi ne, ya ajiye zancen sai ranar tafiya, don ya sha dariya.

"To, tunda an ce batirin ya mutu," in ji Inna, "a mai da ni gida. Ba zan iya ƙarasawa ba."