Man Shanun Iya Kulu

Da jami'a ta shiga yajin aiki, Murja ta kasa barin ɗan akwatin nan a ɗakin gwaji. Rufin yana yoyo, ga ɓeraye, ga shi ba wanda ya san ranar komawa. Ta naɗe shi cikin hijabi ta jira yayanta Mainasara, don tun da aka ƙaddamar da Shari'a Baba ya ce ba 'yarsa da za ta ƙara yin doguwar tafiya ba muharrami. Har suka sauka a Daura suka shiga motar Zango, akwatin bai bar cinyarta ba.

Abin da ke ciki bai kai tafin hannu ba. Wata 'yar leda ce ruwan zuma, irin wadda ake lulluɓe kumbo da ita kafin a harba shi sama. Ita wannan ta je ta dawo. An manna ta a jikin wani kumbo ta daɗe tana kewaya duniya, sannan wani abokin malaminsu a ƙasar waje ya yanko musu ƙyalle ɗaya tak. Malamin ya tsallake maza ya miƙa wa Murja.

A can sama ba gara, ba ruwan sama, amma leda cinyewa take yi. Iskar oksijin da muke shaƙa bibbiyu take tafiya, a can kuwa rana ta raba ta ɗai-ɗai, kowace ƙwaya tana karo da kumbo da gudun da ya fi na harsashi, tana gutsurar ledar kaɗan-kaɗan. Ga rana tsirara ba abin da ya tare ta, ga zafi da sanyi suna karɓa-karɓa. Shi ya sa fuskar ledar ta dusashe ta yi kaushi. Da madubin ƙara girma sai a ga ramuka da tsinaye, kamar gonar geron da aka sassabe. Auna ramukan nan shi ne dukan karatun Murja, kuma ba ta riga ta fara ba.

A ɗakin kakarta Iya Kulu take kwana. Iya matar baduku ce, ko bayan rasuwarsa ita ake kawo wa guga in ya bushe. Ranar da ta ga jikarta ta buɗe akwatin tana leƙawa, ta miƙo wuya.

"Ke 'yar boko, wannan busasshiyar tsiyar ce ta hana ki cin tuwo?"

"Iya, daga sama ta zo."

"Ko daga Makka ta zo, ƙishirwa take ji. Dubi yadda ta yi furu-furu. Saura ƙiris ta tsage."

"Don Allah, Iya, kada a taɓa."

"Wa zai taɓa miki? Zinariya ce?"

Murja ta so ta yi bayani, ta ga da nisa. Ta tura akwatin ƙarƙashin gado.

Bayan kwanaki aka yi rasuwa a garin Babban Mutum, Murja ta bi mahaifiyarta gaisuwa. Suka dawo gab da la'asar. Tun daga bakin zaure ta hango Iya a gindin darbejiya, ta miƙe ƙafa kan tabarma, ƙoƙon man shanu a gefenta, akwatin a buɗe.

"Zo ki gani, marar wayo," in ji Iya, fuskarta fal murna. "Sai da na murza ta sosai da tsumma, na bari ta sha, na ƙara. Ko gugan marigayi bai samu gata haka ba."

Ledar tana kwance kan faifai, sumul, tana ƙyalli kamar sabuwa.

Murja ta durƙusa. Ta ɗaga ledar wajen haske, ta juya, ta sake juyawa, ko Allah zai sa wani lungu ya tsira. Iya ba ta aikin ha'inci, har gefe-gefe ta bi. Mai ya cike ramukan, tsumma ya kwantar da tsinayen. Ko an wanke man, abin da aka goge ba ya sake tsirowa. Kafin a samu wata sai an harba wani kumbo, a jira shekaru, sannan wani a can ya tuna da mutanen da suka lalata ta farko. Ta tuna hannun malaminta ranar da ya miƙo mata, ta rasa da wane baki za ta ce masa man shanu.

Mainasara ya turo babur cikin gida, ya dube su. "A'a, Iya ta gyara miki kaya kin yi shiru? Bokon ne ya hana godiya?"

Murja ta dubi yatsun Iya, masu lanƙwasa da ciwon sanyi, mai yana naso a kansu. Da su ta zauna wuni guda tana murza.

"Sannu da aiki, Iya," ta ce. "Allah ya saka."

"Yawwa, ko ke fa." Iya ta jawo ƙoƙon ta leƙa ciki. "Man ma ya rage. In da sauran 'yan'uwanta, ɗauko su tun hannuna da maiƙo."

"Babu, Iya. Ita kaɗai ce."