Ƙofar Ɗakin Gwaje-gwaje

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Asid, da sunan ruwan nan mai ƙona fata, har matarsa ta ɗauka, in ranta ya ɓaci. Shi ke koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare, a ɗakin gwaje-gwaje mai dogayen tebura shida, famfo ɗaya mai aiki, da ƙofa ɗaya mai buɗewa ta ciki. An gina ɗakin don yara ashirin da huɗu. Ajin ƙarshe kuwa ya haura saba'in, ciki har da 'yar yayarsa, wadda a gida take ce masa Kawu, a makaranta kuma ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Tun da ajin ya kumbura ya rufe tukunyar gas ya jefa makullin a aljihu. Wuta sai dai ya zana ta a allo. Da jarrabawa ta ƙarato, Firinsifal ya kira shi ofis.

"Malam, iyaye na ƙorafi. Sun ce yaransu ba su taɓa ganin komai ya tafasa ba."

"Yallaɓai, a raba min su uku, in tafasa musu duk abin da suke so."

"Ina lokacin? Ai yara ne, ba buhuna ba. In sun matsa za su shiga."

"Shiga kam za su shiga. Fita nake ji."

Firinsifal mutum ne da ba ya son a bar shi da magana a baki. Ya ce gobe da kansa zai zo ya nuna masa yadda ake tsara aji.

Ya zo kuwa, da sabuwar riga. Ya wuce can ƙuryar ɗaki ya tsaya, yana daga baya yana ba da umarni: dogaye nan, gajeru can, ku rage kafaɗa. Yara suka yi ta shigowa har na ƙarshe ya tura ƙofa da bayansa ta rufu.

"Ka gani?" in ji Firinsifal daga inda ake hango hularsa kawai. "Har da sauran wuri."

Malam bai kunna komai ba. Ruwan gishiri ya zuba a kofunan gilashi, ya ce a miƙa baya. Ana cikin miƙawa gwiwar hannun wani ta bugi kofi, ruwan ya malale a tebur ya jiƙa littafin wata yarinya. Ta ɗaga murya don ta kai ƙara, sai ta manta a gabansa take.

"Malam Asid!"

Na baya ba su ji "Malam" ba.

Gaba ɗaya ajin ya yi ƙofa. Ƙofa kuwa sai an ja ta ciki, ga mutane sun danne ta. Malam ya hau tebur yana ihu cewa gishiri ne, har ya dangwali ruwan ya lasa a gabansu, amma ba mai kallonsa. Da ƙyar masinjan makaranta ya ɓalle ƙofar daga waje. Da ɗaki ya yi sarari aka ga Firinsifal zaune a cikin kwamin wanke hannu, ba hula, ba takalmi ɗaya. A bayan ƙofa kuma ga 'yar yayar Malam a durƙushe, ta riƙe hannunta na dama, ko kuka ta kasa.

"Kawu," ta ce, a gaban kowa.

Shi ya ɗauke ta zuwa asibiti. Karaya ce a tsintsiyar hannu. Yana zaune a benci Yaya ta iso, ta dube shi sama da ƙasa.

"Me ka ƙona?"

"Wallahi Yaya ko ashana ban ƙyasta ba."

"To da ka ƙyasta fa?"

Tun a mota abin da yake tambayar kansa ke nan.

Kafin mako ya fita kafinta ya juya ƙofar, aka fasa bango aka yi ta biyu. Firinsifal ya tara malamai ya sanar cewa bayan dogon nazari ya yanke shawarar raba ajin uku. Kashi na uku ya faɗa ranar Asabar, ranar da Malam ke kai matarsa gidan iyayenta. Ta yi kwanaki tana kiransa Malam Asid. 'Yar yayar tasa ta rubuta jarrabawa da hagu, ta kuma ci, ko da yake rubutun sai an karkata kai.

Sabon zango aka ɗauki ɗalibai fiye da na bara. Firinsifal ya tare shi a baranda, ya gaishe shi har da tambayar iyali, sannan ya rage murya.

"Malam, ranar Lahadi kana yin wani abu ne?"